Yadda za ka zaɓi sana'a idan ka iya fizik amma ba ta kwanta maka a rai ba

A kusan kowane ajin tarminal C ko D na Damagaram, daga lise Amadu Kuran Daga har zuwa makarantun Mirya da Magarya da Tanut, akwai ɗalibi irin wannan. Mushe bai gama rubuta tambaya a allo ba, shi ya riga ya hango amsa. Yana cin 15 ko 16 bisa 20 a fizik ba tare da ya kwana a kan littafi ba, abokai na biyo shi gida bayan isha'i ya warware musu abin da ya gagare su. Dangi da malamai sun gama yanke masa hukunci: wannan injiniya ne, ko babban malamin jami'a. Shi kuwa akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da zarar ya rufe littafi, fizik ba ta ƙara faɗo masa a rai sai ranar jarrabawa.

Idan kai ne wannan, ƙanena, da kai nake. Ƙanwata, ke ma da ke nake, ko da za ki ji ina ta cewa "kai".

Kada ka ɗauki wannan hali a matsayin butulci, kuma kada ka ɗauke shi dalilin watsar da baiwar. Maƙeri ba ya kwana yana begen guduma, amma ba ya jefar da ita, domin da ita yake fitar da abin da yake so. Tambayar da ke gabanka ita ce: wane irin yinin aiki za ka iya maimaitawa shekara talatin ba tare da ya cinye ka ba, kuma a cikin irin wannan yinin, ina ne iya fizik zai sa ka fi wasu? Ga yadda za ka bi ka samo amsar.

Mataki na farko: gano ainihin abin da ba ka so

"Ba na son fizik" magana ce mai faɗi, abubuwa da yawa na ɓuya a ƙarƙashinta. Samu ƙaramin littafin rubutu, ka yi mako uku kana rubuta layi biyu kowane dare kafin ka kwanta: me na yi yau da lokaci ya wuce ban sani ba, me kuma na yi ina ta duban agogo. Har abin da ba na makaranta ba ka sa a ciki, kamar gyaran rediyon Baba, tsaron shagon kawu, gardama a fada, ko koya wa ƙanenka lissafi.

Bayan mako ukun ka karanta gaba ɗaya. Wani zai tarar ba fizik ce ta ishe shi ba, yadda ake koyar da ita ne. Da yawa daga cikinmu sun haddace dokar Ohm a allo ba su taɓa riƙe na'urar auna wuta ba, saboda makarantu da dama ba su da ɗakin gwaji mai kayan aiki. Wanda bai taɓa ganin allurar mita ta motsa a hannunsa ba, bai kamata ya yi saurin cewa ya san abin da yake ƙi ba. Wani zai tarar yana jin daɗin warware matsala, amma dogon bayani da hujjoji na gundurar sa; wannan hannun injiniya ko ma'aikacin fasaha gare shi. Wani kuma zai ga ƙarara cewa zuciyarsa na wani wuri, kasuwanci ne, aikin lafiya ne, shari'a ce, ko zane. Akwai na huɗu, wanda zai duba littafin ya ga babu abin da ya ba shi sha'awa ko ɗaya. Idan kai ne na huɗun, ka sani gajiyar shekarar bak, jarrabawar ƙarshen lise, na iya dushe komai. Kada ka yanke shawarar rayuwa a watan Mayu, cikin zafi da rashin barci da tsoron jarrabawa.

Mataki na biyu: auna iyawar da gaske

Fizik ɗin lise daban, na jami'a daban. A lise, mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya gane inda ake saka ƙa'ida yana iya tsere wa kowa. A tsangayar kimiyya kuwa lissafi ne ke jan ragama tun shekarar farko, kuma ba wanda zai bi ka ya ce ka yi aikin gida. Nemi wani yayanka da ke karatu a Jami'ar André Salifou a nan Zinder, ko a Maraɗi ko Yamai, ka ari darussansa na shekarar farko. Zauna da babi ɗaya kwana biyu. Ba a ce ka gane duka ba. Abin lura shi ne, in ka cije a wuri, haushi ne ke sa ka koma kansa har sai ka ci galaba, ko kuwa ajiyewa kake ka ji sanyi a ranka? Sannan ka ɗauki tsoffin tambayoyin bak na lissafi da na fizik, ka sa agogo, ka yi su kai kaɗai. Makin da ka samu a nan ya fi yabon unguwa gaskiya.

Mataki na uku: zana yinin da kake so

Ajiye sunayen darussa gefe, ka amsa waɗannan a rubuce. Ka fi son aiki da hannu da ƙarfe, ko zama gaban kwamfuta, ko hulɗa da mutane? Za ka iya yin makonni a daji ko a sansanin aiki nesa da Inna, ko dole ka kwana a gida kullum? Albashin wata mai tabbas ya fi kwantar maka da hankali, ko ka fi son naka na kanka, yau samu gobe rashi? Kana iya aikin dare? Jini na tayar maka da hankali? Ba tambayoyin wasa ba ne. Sun fi "wane fanni ne ya fi daraja" tasiri a kan yadda za ka ji in ka kai shekara arba'in.

Mataki na huɗu: san hanyoyin da ke buɗe

A nan zan daɗe, domin yawancin ɗalibanmu hanya biyu kawai aka nuna musu, likita ko malami, alhali ƙasar nan cike take da aikin da ke neman irin kanka.

Fara da wuta. Kowa ya ga abin da ya faru a 2023 lokacin da aka yanke layin da ke kawo lantarki daga Najeriya, kowa kuma ya ga yadda farantan sola suka yawaita a kan rufin gidaje da shaguna. Masu haɗa su suna da yawa, masu lissafa su daidai ne kaɗan. Ɗauki mai shago a Kasuwar Dole da ke son firigo na ruwan sanyi. A ce firigon na jan wat 150, injinsa na aiki awa 10 a yini, ka ga wat-awa 1500 ke nan a rana. Ƙara asarar waya da batir da na'urar juya wuta, ka ɗauka kusan 2000. Raba da awa 5 na cikakkiyar rana, za ka ga yana bukatar farantai na wat 400 aƙalla. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2400, amma in na dalma ne, rabin abin kawai ya kamata a riƙa ja, in ba haka ba ya mutu da wuri. Farantin ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi kamar digiri 15, tunda Zinder na kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. A bar masa iska ta ƙasa, domin zafi na rage masa ƙarfi, a kuma riƙa goge ƙurar hunturu. Duk wannan lissafin ba ya cin minti goma a wurinka, amma rashinsa ne ke sa mutum ya zuba jarinsa a batir ya rasa shi kafin shekara. Ba sai kana mafarkin fizik ba kafin ka ji daɗin ranar da mai shagon zai kira ka ya ce ruwa ya yi ƙanƙara. Masu son wannan hanya su duba fannin lantarki a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko a EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu ta Yamai. Kuma ba ƙananan ayyuka kaɗai ba ne: tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023, kamfanin lantarki na ƙasa NIGELEC kuwa sai da masu kula da irin waɗannan.

Sai ruwa, ciwon da duk ɗan Damagaram ya tashi da shi. Garin na zaune a kan dutse, shi ya sa ake jawo ruwa daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, shi ya sa ma ƴan ga-ruwa ba sa rasa ciniki a watannin zafi. Ka taɓa ganin masu neman wurin haƙa foraj? Suna kafa turaku huɗu na ƙarfe a jere, su aika wuta cikin ƙasa ta biyu na gefe, su auna ta biyu na tsakiya. Dutse mai tauri yana hana wuta wucewa, tsagar da ke riƙe da ruwa tana barin ta. Dokar Ohm ɗin nan ce da ka haddace, ita ke nuna inda ƙauye zai kashe miliyoyinsa ya samu ruwa maimakon busasshen rami. Wanda ke son yawo a fili da ganin amfanin aikinsa da ido, ya binciki ilimin ƙasa, ilimin ruwa, ko awon fili da ake koyarwa a IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'ar nan Zinder.

Man fetur na jan matasa tun da matatar SORAZ ta buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut, tana tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. Aiki ne mai kyau, amma ina da shawara ɗaya da nake so ka riƙe da kyau. Kada ka gina rayuwarka a kan ƙofar kamfani guda. Mahaƙar uraniyom ta COMINAK da ke kusa da Arlit ta yi shekaru da dama tana ciyar da iyalai, aka rufe ta a 2021. Wanda ya iya lantarki, kanikancin manyan injuna, ko kula da na'urorin awo, matata na bukatarsa, kamfanin siminti na bukatarsa, asibiti ma na bukatarsa. Zaɓi ƙwarewar da za ta bi ka duk inda ka je.

A Yamai akwai EAMAC, makarantar ASECNA, hukumar kiyaye tafiyar jiragen sama a Afirka, da ke horar da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, masu hasashen yanayi, da masu gyaran na'urorin filin jirgi. Da konkur, wato jarrabawar gasa, ake shiga, wasu matakan da bak, wasu sai da ƙarin karatun jami'a, kuma Ingilishi na da nauyi a wannan aikin, don haka ka fara gyara naka tun yanzu. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, ita ma tana koyar da ilimin yanayi da ruwa don amfanin noma.

Idan zuciyarka na wajen marasa lafiya amma shekarun likitanci sun yi maka yawa, duba ɗaukar hoton ciki da ƙashi, da gyaran na'urorin asibiti. Na'ura mai tsada na iya yin watanni a rufe saboda babu mai gyara, majinyaci kuwa sai ya hau mota zuwa wani gari. Kwamfuta da sadarwa su ma suna karɓar mai kan lissafi hannu bibbiyu, kuma wannan za ka iya gwada shi tun yau da wayarka.

Ka lura ban sa bincike da koyar da fizik a gaba ba. Da gangan ne. Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da aka haifa a 1929, ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, ya jagoranci ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, ya shugabanci jami'ar Yamai wadda yau ke ɗauke da sunansa. Irin wannan hanyar na cin shekara takwas ko fiye bayan bak, lisans 3, masta 2, dakta 3, mutum na bin tambaya guda wadda wataƙila ba ta da amsa kusa. Ba a iya ta sai da ƙishirwar sani. In babu ita a ranka, daraja kaɗai ba za ta riƙe ka ba. Haka ma koyarwa. Makarantunmu na matuƙar bukatar malaman kimiyya, in kana jin daɗin lokacin da fuskar yaro ta washe don ya gane, to ENS, makarantar horar da malamai, na jiran ka, Allah ya yi maka albarka. Amma don Allah kada ka shiga aji saboda ka rasa abin yi. Malamin da ya tsani darasinsa yana sa ɗaruruwan yara su tsane shi, su kuwa ba su yi laifin komai ba.

Mataki na biyar: je ka gani da idonka

Daga cikin hanyoyin nan fitar da uku, kada su wuce haka. Ga kowace ɗaya nemi mutum mai yin aikin, ta hanyar mushe, liman, ko wani a dangi. Je da sallama da ladabi ka ce, "Yaya, ina neman alfarma, ina so in yini tare da kai in ga yadda aikin yake." Da wuya Bahaushe ya kori mai neman sani. In babban hutu ne, nemi sitaj ko da ba biya, ko da ɗaukar tsani da miƙa waya ne.

Kada ka fara da tambayar albashi. Tambaye shi ƙarfe nawa yake fita, ƙarfe nawa yake komawa, wane ɓangaren aikin ne ya fi ƙona masa rai, wata nawa ya yi a zaune bayan ya gama karatu, abokan ajinsa ina suke yanzu, kuma da ƙanensa ne, zai tura shi wannan hanyar? Amsar ta ƙarshe, dubi fuskarsa kafin ka saurari bakinsa. Ka kuma nemi wanda bai yi shekara biyar da fara aiki ba, domin kasuwar da dattijo ya tarar a zamaninsa ba ita za ka tarar ba.

Ƙanwata, ke ki nemi mace mai yin aikin. Akwai tambayoyin da ita kaɗai za ta amsa miki da gaskiya: yadda ake ɗaukar mace a wurin, tafiye-tafiye, aikin dare, da yadda ta haɗa shi da gida. Kada ki bari a rufe miki ƙofa da "wannan ba aikin mata ba ne" kafin ki ji daga bakin wadda ke ciki.

Mataki na shida: yi lissafin shekaru da kuɗi

Ɗauki takarda ka ja layi uku, hanya ɗaya a kowane layi. Rubuta shekarun karatu: takardar fasaha ta DUT ko BTS 2, lisans 3, injiniya kamar 5, likita 7 ko fiye. Rubuta garin da za ka zauna, kuɗin rajista, haya, abinci, motar zuwa gida. Karatu a Zinder kana cin tuwon gida, da karatu a Yamai mai nisan kusan kilomita 900, ba nauyi ɗaya ba ne a wuyan Baba. Nemi sharuɗɗan bursu daga ANAB, hukumar da ke kula da bursu, da kanka, kada ka dogara da jita-jitar fada, kuma ka tanadi abin da zai riƙe ka in kuɗin ya yi jinkiri. In makarantar kuɗi ce, tambaya ko gwamnati ta amince da takardarta, ko CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka, ta san da ita, kafin a biya ko dala.

Takardunka su kasance a shirye tun kafin sakamako ya fito: takardar haihuwa, ta shaidar zama ɗan ƙasa, takardun maki, hotuna, da kwafin da aka buga wa hatimi. Konkur ba ya jiran wanda takardarsa ke ƙauye.

Mataki na bakwai: zauna da iyaye

Wannan ne matakin da ya fi ba mutane tsoro, shi ya sa wasu ke shiru har su yi shekara uku a fannin da ba su so. Kada ka je wa Baba da "ba na son fizik". Abin da zai ji shi ne yaron da ya sha wahala a kansa yana neman zubar da abin da Allah ya ba shi. Je masa da takardar nan mai layi uku, a lokacin da hankalinsa ke kwance, ka ce, "Baba, na yi bincike a kan hanyoyi uku, na je na ga masu yin su, ga shekarun kowace da abin da za ta ci. Ni wannan ta fi kwanta mini, amma ina son shawararku da albarkarku." In kana jin nauyin faɗa da bakinka, fara da Inna, ko ka nemi baffa ko kawun da Baba ke jin maganarsa ya raka ka.

Saurari abin da za su ce har ƙarshe. Sau da yawa tsoronsu ba na suna ba ne, na abinci ne, suna so su tabbata ba za ka dawo gida da takarda ka zauna a gindin bishiya ba. In ka nuna musu mutum mai rai da ke ci da iyalinsa daga aikin da ka zaɓa, rabin gardamar ta ƙare. Yi istihara bayan ka gama shawara, domin addu'ar da aka yi bayan bincike ta fi sa zuciya natsuwa.

Mataki na takwas: yanke, ka sa ranar dubawa

Jera zaɓinka na ɗaya, na biyu, na uku, ka nemi dukkansu. In biyu sun yi kunnen doki a ranka, ɗauki wadda ta fi barin ƙofofi a buɗe. Wanda ya karanta lantarki ko lissafi yana iya komawa kasuwanci ko gudanarwa daga baya ba wuya, amma wanda ya bar kimiyya shekara huɗu, dawowa na yi masa tsada.

In kuwa littafin nan na mataki na farko ya nuna maka ƙarara cewa ranka na wajen shari'a, kasuwanci ko wani abin da bai haɗa hanya da fizik ba, kuma ka je ka gani ka dawo da son abin, to bi shi da zuciya ɗaya. Kan da ya iya rarrabe matsala gida-gida ba ya ɓacewa don an sauya fanni.

Da ka shiga, ba wa zaɓin shekara guda cikakkiya da ƙoƙari na gaske, domin sau da yawa sha'awa na zuwa ne bayan hannu ya faɗa, ranar da ka gyara abu ya tashi, ko aka kira ka da suna saboda kai ne ka iya. A ƙarshen zangon farko ka sake yin mako uku na rubutun dare, ka kwatanta da na baya. In akwai ko da darasi ɗaya ko aikin gwaji ɗaya da lokaci ke wucewa ba ka sani ba, ci gaba, ka nemi sitaj a wannan ɓangaren a hutu mai zuwa. In babu ko ɗaya, je ofishin rajista kafin shekara ta ƙare, ka tambayi fannonin da ke karɓar makin da ka riga ka ci, da ranar da ake rufe neman sauyi.